Wa za mu ɗauka a wasan kwaikwayon da za mu kai lakwal, manya ko ɗiyan lakwal ɗin?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Muna da ƴar ƙungiyar wasan kwaikwayo nan Maradi, mu tara ne, mun shirya wasa na minti 40 kan wata yarinya ƴar sinkiyam da ubanta ke son hidda ta daga lakwal a yi mata aure. Niyyarmu mu zagaya CEG, wato ƙananan lakwal na sakandare, na cikin gari, in hali ya yi har Tibiri da Madarunfa, kahin ƴan turaziyam su shiga hidimar jarrabawar birebe. To rabon wasan ne ya tsaya mana. Wadda ta hi kowa iyawa cikinmu shekarunta 27 da ɗiya biyu, wasu na cewa ba za ta wuce a matsayin ƴar shekara 14 ba, gara mu nemi ɗaliba ta gaske, wani diraktan lakwal ma ya ce zai ba mu. Sannan uban yarinyar, muna da wani abokinmu wanda ko tsayawa ya yi bai ce komi ba mutane dariya suke, rabinmu na son a ba shi don yara su ji daɗi, ni kuma raina bai kwanta ba. Waɗanda sunka taɓa yi ku ba mu shawara don Allah.

Tsohon mushe, Zariya:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ba ɗaliba wannan wurin, da bakin wanda ya taɓa yi ya yi nadama nike gaya maka. Ina koyarwa CM2 mun yi irin wannan wasa a bikin ƙarshen shekara, na ɗauki yarinya mai ƙoƙari ta hito amarya, ta yi kyau sosai har iyaye sunka tafa, amma daga ranar sunanta ya koma amarya, a aji amarya, a bakin famfo amarya, har unguwarsu, yarinyar da ke ɗaga hannu kullum ta daina magana. Ku za ku kwashe kayanku ku tahi, ita ce za ta zauna da sunan. Babba ba ya da wannan matsala, don ba ya kwana cikin lakwal ɗin.

Batun iyawa kuma kada ka gwada mutum cikin ɗaki. Ka kai shi hili da rana, ka ja baya taku 20, ka sa shi magana babu mikoro. Hilin lakwal babu bango babu rufi, ga iska ga yara ɗaruruwa zaune ƙasa, wanda muryarshi ba ta kai layin baya ba to na baya za su hwara nasu wasan. Mu da munka ga zamanin samariya da festibal na matasa lokacin Kunce mun san haka aka zaɓi mutane, murya da iya riƙe taro. Yazi Dogo, shahararren ɗan wasan kwaikwayon nan, shi kanshi asalinshi malamin lakwal ne, wanda ya saba tsayawa gaban aji ya san lokacin da hankalin yaro ya tahi.

Maman biyu, Ali Ɗan Sofo:
Baba ya gama magana. Ni na hito ƴar lakwal ina da goyo a gida, tufafin lakwal da hijabi da jakar littattafai kawai, minti biyu yara sun yarda, abin da ba su yarda da shi shi ne babba ya riƙa maƙale murya yana tsalle-tsalle wai shi yaro, nan take suke ganewa ana raina musu hankali. Ta yi magana da muryarta, ta dai lura da yadda ƴan mata ke tsayawa gaban ubansu, kai ƙasa, ana murza bakin hijabi, ya isa.

Mai ban dariyar nan kuma kada ku ba shi uba wallahi. A ƙasar nan wajen uku cikin huɗu na ƴan mata ana aurar da su kahin shekara 18, kuma jihar Maradi na cikin inda abin ya hi yawa, ke nan cikin masu kallonku akwai wadda maganar ke kanta yanzu haka a gida. In uban ya zama abin dariya ba ta ga gidansu ciki ba, don ubanta ba mahaukaci ba ne, mutum ne mai son ɗiyarshi da tsoron abin kunya da nauyin hatsi a kanshi. Ku nemi mai natsuwa wanda in ya yi magana za a ji tausayinshi a kuma ji haushinshi. Abokinku ku ba shi ɗan kabu-kabu ko mai gadin lakwal, ya shigo sau biyu yara su sha iska ya hita. Sannan tun yanzu ku hwaɗi ma kowa gaskiya kan kuɗin mota, ko jaka guda ce a sani, kuma kada repetisiyon ya kai magariba in kuna son mata su zauna cikin ƙungiyar.

Ɗalibin jami'ar Ɗan Dikko:
Da girmamawa Baba, ni ban yarda a bar yaran su zama ƴan kallo kawai ba. Akwai salon da Augusto Boal na Birazil ya ƙirƙiro, wanda Prosper Kompaoré da ƙungiyarshi ta Wagadugu sunka daɗe suna yi tun bayan kahuwarta a 1978, ana yin wasan ya ƙare da rashin daɗi, sai a sake daga farko a ce duk wanda ke da dabara ya taso ya karɓi wurin ya gwada. Yaro ya hito minti uku da kanshi, da sunanshi, a matsayin mai neman mafita, wannan ba ya bar mishi tabo. Amma fa in za ku yi haka zaɓen ya ƙara wuya, don wanda ya hito uba dole ya iya maida amsa nan take ba da hadda ba, kada ya saki da wuri kada kuma ya murƙushe yaro gaban abokanshi. Mai jan taron ma ku zaɓe shi kamar yadda za ku zaɓi babban ɗan wasa, mai haƙuri, wanda ba ya wa'azi.

Tsohon mushe, Zariya:
Wannan na yarda da shi ɗana, tunda yaron ne ya taso da ƙafarshi. Sai dai a roƙi diraktan ya sa malamai su zauna baya, in mushe na tsaye da bulala gefen hili ba wanda zai taso.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Mun bar ma ƴar wasanmu mai shekara 27 wurinta, ran asabar za mu gwada mutum uku a hili don wurin uban. Abokinmu dai ban san ta yadda zan gaya mishi ba, shi ya kawo rabin labarin. Maman biyu, ke da kin saba, in an zo zagaye na biyu ƴan mata kan taso kuwa, ko samari ne ke cika hilin?