Gembu a kan babur a ƙarshen Satumba: in tafi ko in haƙura?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taɓa hawa tsaunin Mambilla, inda garin Gembu yake, a kan babur, ba a mota ba. Hutuna na wurin aiki ya faɗo makon ƙarshe na Satumba, kwana 10, kuma in ban ɗauka yanzu ba sai baɗi. Ni da abokina za mu tashi daga Gombe, kowa da mashin ɗinsa, nawa Haojue 125, nasa Boxer 100. Niyyarmu mu bi Kaltungo da Numan mu kwana Jalingo, washegari mu wuce Bali mu kwana Serti, sannan mu hau. Muna son ganin gonar shayi ta Kakara, in mun huta a Gembu kuma mu bi hanyar burji har wajen Dorofi. Abin da ya hana ni barci shi ne ruwan sama. Satumba ta yi wuri? Kuma in za mu je, mu tuƙa tun daga gida ko mu ɗora mashinan a mota zuwa Serti? Tayoyinmu na kwalta ne, sai mun sauya?

Bazazzage:
Wa alaikumus salam. Ka sayar da wannan ka cika kuɗi ka sayi mashin mai inji 200. Dutse ba wurin ƙaramin inji ba ne.

Na Ƙofar Mata:
Ku ji Bazazzage da maganar dutse. Shi da bai taɓa hawa abin da ya fi Kufena tsawo ba, shi ma a ƙafa, yana haki.

Bazazzage:
Bakano, aƙalla mu muna da Kufena. Ku fa, Dala? Yaro ɗan shekara biyar yana hawa da tallan gyaɗa a ka.

Baban Husna:
Malam Abban Sadiq, ka karanta wannan da kyau, don na biya kuɗin karatun da tsada. A watan Agusta na 2022 muka je mu uku daga Jalingo. Hawa bai ba mu wahala ba. Daga Mayo Selbe hanya ta fara nannaɗe dutse, kwana kan kwana, muna giya ta ɗaya da ta biyu, muna tsayawa inji ya sha iska, har muka kai Maisamari lafiya muna ta ɗaukar hoto. Kwana huɗu muka yi a sama. Ban taɓa ganin ƙasa mai kyau irin wannan ba, ciyawa shar har inda ido ya ƙare, shanu a kan tuddai, sanyi kamar tsakiyar hunturu.

Ranar saukowa ce. Mun makara, sai bayan azahar muka baro Nguroje, ruwa ya riga ya fara yayyafi. Amininmu yana gaba. Kafin tafiyar ya sa sabon shu na birki gaba da baya, mai shagon har da rantsuwa cewa na kamfani ne. Muna cikin gangara na ga fitilar birkinsa a kunne amma mashin bai rage gudu ba. Ya waiwayo ya kalle ni, wannan kallon har gobe yana idona. A kwana ta gaba ya zaɓi ya kwantar da mashin jikin dutse maimakon ɓangaren rami. Allah ya sa ya yi haka. Cinyarsa ta karye, fatar hannunsa ta salube don ba safar hannu.

Babu sabis a wurin. Sama da awa biyu muna zaune cikin ruwa, na cire rigata na lulluɓe shi, yana ta kiran sunan 'yarsa. Wata motar katako ce ta tsaya daga baya, Allah ya saka wa direban nan da alheri, bai karɓi ko kwabo ba. Yau shekaru ke nan mutumin nan yana ɗingishi, sana'arsa ta fenti ta gagara don ba ya iya hawa tsani. Da muka kwance birkin daga baya, fatar shu ɗin ta ɓare daga ƙarfenta gaba ɗaya, manne ta kawai aka yi. Ni tun ranar ban ƙara doguwar tafiya a babur ba. In ɗan'uwana ne kai, ba za ka je da damina ba.

Maman Ilham:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Abban Sadiq, tambaya ɗaya zan yi maka: mahaifiyarka ta san da tafiyar nan? Maigidana ma mai son yawon babur ne, sharaɗina da shi hular kwano mai rufe haɓa, ba wadda ake ɗorawa don ganin ido ba, da kira duk garin da ya sauka.

Oga Bakanike:
Allah ya ƙara masa sauƙi. Amma Baban Husna, ka yi haƙuri, zan faɗi abin da na sani a sana'ata ta shekara 19. Ko shu na gaske ne, in mutum ya taka birki tun daga sama har ƙasa ba sassauci, zai mutu. Ƙananan mashinan nan birkinsu na cikin duram ne, zafi ba ya samun hanyar fita. Da ya yi zafi sosai sai ka ji feda ta yi laushi, kana takawa kamar kana taka burodi. Yawancin mutanenmu kuma da sun ga gangara sai su sa firi, wasu har su kashe inji wai tsimin mai. A nan ake mutuwa. Da giyar da ka hau, da ita za ka sauka. Ka bar inji ya riƙe mashin, birki ka riƙa taɓawa kana saki. In ka ji ƙauri, tsaya, kar ka zuba wa duram ruwan sanyi, bar shi ya huce da kansa.

Baban Husna:
Oga, kana nufin shi ya jawo wa kansa? Kana wurin? Ni ina bayansa, a giya yake. Mutum yana kwance da karaya kai kana nan kana raba laifi.

Oga Bakanike:
Subhanallah, ban ce haka ba Yallaɓai. Ai na yarda jabu aka sayar masa, kullum ina cire irinsu. Don mai tambaya na yi bayanin, kar ya sayi mai kyau ya ɗauka shi ke nan ya tsira.

Ɗan Nguroje:
Sannunku. Ni a nan aka haife ni, a nan nake acaɓa. Da damina da rani muna kan hanyar nan, da buhun masara biyu a baya, wani lokaci da mutum a kan buhun, kuma yawancinmu Boxer 100 ɗin da ake rainawa muke ja. Don haka maganar sai 200 ba haka ba ne. Gaskiya ne da ka hau sama mashin zai rage ƙarfi, don iskar nan ba ta kai ta ƙasa kauri ba, za ka ga fulogi yana baƙi da wuri. Ka riƙe guda biyu a aljihu.

Kwaltar hawan ba ita ce damuwarka ba, in dai ka tashi da sassafe. Ruwanmu ya fi sauka daga rana ta karkata. Sai hazo, wani lokaci gajimare ne da kansa yake sauka a kan hanya har ba ka ganin mai tahowa, ka kunna fitila, ka yi ta hon a kowace kwana, ka tsaya a hannunka don manyan motoci suna cinye kwana. Hawan Biyu da Sisi ma da ake ba ku tsoro da shi, a hankali ake wuce shi.

Inda zan ce maka a'a shi ne hanyar Dorofi. Jar ƙasarmu in ta sha ruwa sabulu ce. Tana cushewa tsakanin taya da murfin tayar gaba har taya ta daina juyawa, sai ka sauka ka sa kara kana ƙwaƙulewa. Mu muna ɗaga murfin ko mu cire shi, mu rage iskar taya kaɗan, mu sa takalmin ruwa. Da tayar kwalta ko kilomita biyar ba za ka yi ba ka sha ƙasa. Nan damina ba ta ɗaukewa da wuri kamar Gombe, har Oktoba muna cikin ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya ta bushe, sai dai ƙura, kuma ciyawar ba ta kai yanzu kyau ba.

Bazazzage:
Shawarar ɗan gari ba ta baƙo ba ce. Kai ka san kowane rami da sunansa. Wanda ya je sau ɗaya ya sha wuya shi ya fi sanin abin da baƙo zai tarar.

Ɗan Nguroje:
To Malam, kai sau nawa ka zo?

Na Ƙofar Mata:
Ya zo a Facebook sau uku.

Kawu Mai Ritaya:
Yara ku bar musu. Na yi aikin koyarwa a ƙaramar hukumar Sardauna shekara 6, kuma da babur na yi zirga-zirgata. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Ɗana Abban Sadiq, tunda za ku kwana Serti, ku sani nan ne hedikwatar gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane girma a Najeriya. Dutsen Chappal Waddi ma, mai tsayin mita 2,419, wanda babu kamarsa a ƙasar nan, a yankin yake, amma wannan tafiyar ƙafa ce da ɗan jagora, ba ta babur ba, ba kuma ta damina ba. Ku tafi da rigar sanyi mai kauri da rigar ruwa, Gembu a can saman dutse take, da asuba ruwan alwala sai an ɗumama. In kun ga garken shanu a hanya ku kashe gudu ku jira, kar ku kutsa. Kuma ku cika tanki a Serti.

Abban Sadiq:
Na gode ƙwarai Kawu, na gode jama'a. Baban Husna, labarinka ya taɓa ni, Allah ya ba amininka lafiya. Maman Ilham, Hajiya ta sani, ba ta dai ce komai ba tukuna. Har yanzu ban ji maganar ɗora mashin a mota ba, nawa ake biya? Kuma mai nawa ne lita a sama?

Baban Husna:
Mu da muka dawo da mashin ɗinsa daga Serti zuwa Jalingo dubu 7 muka biya. Mai kuma a Gembu mun sha a 300.

Mai Jan Boxer:
Baba wannan ai tarihi ne, kafin a cire tallafin mai a Mayun 2023 ke nan. Ni bara dubu 25 aka nema a wajena daga Jalingo zuwa Serti, na ce na fasa, na tuƙa abina. Mai a sama na sayi lita a 1,400 wajen 'yan bumburutu masu sayarwa a galan.

Ɗan Nguroje:
An gan ka baƙo ne. Ban taɓa sayen mai 1,400 ba. Jiya 1,150 na sha.

Mai Jan Boxer:
To ai shi ma baƙon ne, farashina za a ba shi ba naka ba. Taya mai manyan haƙora kuma dubu 18 na sayi ta baya.

Oga Bakanike:
Dubu 18? Ka duba ta da kyau. Mai kyau ba ta kasa dubu 28 a wajenmu. Wannan ita ce masifar da muke ciki, kwali iri ɗaya, tambari iri ɗaya, sai ka ɗaura ka ga bambanci. Makon jiya aka kawo mini wayar kulochi sabuwa dal, kwana uku ta tsinke. Tub kuwa wani ko faci ba ya kamawa. Mai mashin kuma ni zai zo ya zaga, ba mai shago ba.

Baban Husna:
Yanzu ka zo inda nake. Mutumin da ya sayar mana da shu ɗin nan har yau shagonsa a buɗe yake, ya ma ƙara na biyu. Na koma na same shi da abin a hannuna, ya ce shi ma haka aka kawo masa. Wa zan kai wa ƙara? Wa ke duba kayan da ake shigowa da su? Ran mutum ne fa a jikin ɗan ƙarfen nan.

Mai Jan Boxer:
Wallahi. Baƙin mai ma haka, ana juye wani a galan ɗin wani a liƙe. Injina na farko haka ya tafi, ko wata shida bai yi ba ya fara hayaƙi.

Bazazzage:
Wasu bakanikan ma da su ake haɗa baki. Ka ba su kuɗin na gaske su sa maka na banza su riƙe canji.

Oga Bakanike:
Malam ka iya bakinka. Ni duk wanda ya zo garejina da kansa nake tura shi kasuwa, in ce ya kawo kwalin in buɗe a gabansa. Ku kuma masu mashin, in an ce na dubu 6 da na dubu 2, wanne kuke ɗauka?

Maman Ilham:
Na dubu 2 suke ɗauka, mu kuma mu yi jinya.

Abban Sadiq:
Jama'a don Allah, ranar Litinin zan mayar da takardar hutun. In na bar Dorofi na tsaya iya Kakara da Gembu, tayar da nake da ita za ta yi?

Mai Jan Boxer:
Oga Bakanike, tsaya tukuna. Ta yaya ake gane shu na gaske tun a shago, kafin a ɗaura? Nawa na baya ya fara ƙara tun shekaranjiya.