Abin da aka tattauna kan ɗaukar ƙarfe a wurin aiki

An tattauna kan yadda ma'aikaci zai ɗauki ƙarfe ba tare da ya ji rauni ba. Ga shawarwarin da na tattara a taƙaice.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. A duba kaya kafin a taɓa: nauyi, kaifin baki, maiƙo. Ƙarfen da aka gama yi wa walda yakan yi kamar ya huce alhali yana ƙuna.
2. A durƙusa da gwiwa, baya a miƙe, kaya kusa da jiki. In za a juya, a juya da ƙafa, kada a murɗa ƙugu.
3. Dogon rodi da fallen ƙarfe sai mutum biyu, ɗaya ne ke ba da umarni. In akwai amalanke ko injin ɗagawa, shi ya fi.
4. Takalmi mai bakin ƙarfe dole ne.

Inda aka rabu:

Safar hannu. Wasu sun ce kullum, wasu sun ce ban da gaban injin da ke juyawa, domin yana iya fizgar safar har da yatsu. Hujjar na biyun ta fi ƙarfi a ganina.

Iyakar nauyi. An ambaci kilo 23 ga mutum ɗaya, adadin da NIOSH, hukumar bincike kan lafiya da kariyar ma'aikata ta Amurka, ta bayar, amma wasu sun tunatar cewa adadin yana raguwa in ɗaukar ta yawaita ko kayan na nesa da jiki.

Bel ɗin ƙugu kuwa, mafi yawa ba su yarda yana hana ciwon baya ba.