Tukwane da wayar wuta: mi matan Falasɗinu ke nufi?

'Yar Birnin Kebbi:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ku taimaka min, aikin makaranta nike haɗawa kan Muna Hatum, mai fasahar ƙere-ƙere wadda aka haifa a Beirut 1952 iyayenta Falasɗinawa ne daga Haifa. A wani aikinta na fasaha na 2000 ta jera gado da kujeru da kayan girki ta haɗa su duka da wayar lantarki, ƙwayaye na haske suna dishewa ga ƙugin wuta na tashi, an kuma gitta waya ba mai shiga. To wai mamayar Isra'ila take nufi ko zaman gidan miji?

Ɗan Gusau:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Mamaya ce kawai, mutanen da aka kora tun 1948 har yau jikokinsu na adana makullan gidajen. Ita kanta ziyara ta kai ta Landan 1975 yaƙi ya ɓarke a Labanan ta kasa komawa. Gida ne kana ganinshi ba ka iya shiga, kar mu jawo maza cikin zancen.

Maman Argungu:
Malam ban musa ba, amma in makulli ne kaɗai damuwarta mi ya kai ta kicin? Wagga baiwar Allah ta ƙera gireta irin ta goga kubewa wadda ta ɗara mutum tsawo ta tsai da ita kamar shamakin ɗaki, ka jingina ka yanke, ta kuma saƙa kafiya, mayafin nan da mazansu ke yafawa a kai, da gashin mata. Ni wannan ya fi taɓa ni wallahi, tutar gwagwarmaya a kan namiji amma da gashin wa aka saƙa ta? Ga Ra'ida Sa'ada ma, wata mai fasaha Bafalasɗiniya, 2007 ta ɗauki injin zuƙe ƙura ta hau duwatsun hamada kusa da garin Ariha tana shara, aikin da bai da ranar ƙarewa. Duk macen da uwayenta suka yi wa jere sun san kwalla da samira nata ne amma ɗakin ba nata ba ne, kalma guda ta isa a kwashe su a akori-kura. To ita Bafalasɗiniya sau biyu abin ke cin ta, soja a ƙofar gida, hukuncin maigida a ciki.

'Yar Ƙaura:
Gaskiya ne Mama. Ku dubi matan da 'yan bindiga suka taso daga ƙauyukanmu, tukunya da tabarma ke kansu, da su suke kafa murhu a kangon da ba nasu ba.

'Yar Birnin Kebbi:
Na gode ƙwarai. Mama don Allah kafiyar nan gashin a saƙe yake duka ko yana zubowa ta gefe? Ina son in fara da ita.