Donat mai zoɓo da gyaɗa: shawarwarin masu suya

Da masu suyar donat suka tattauna, bakin kowa ya zo ɗaya a kan kwaɓi: a bar shi ya tashi sau biyu, kafin yanka da bayansa. Mai kuma ya kai wajen digiri 175 a ma'aunin Celsius. In bai yi zafi ba donat ya sha mai, in ya wuce kima waje ya ƙone, ciki ɗanye.

An fi daɗewa kan abin shafawa a saman donat. Masu son ruwan wardi sun ce rabin ƙaramin cokali ya isa, in ya yi yawa sai ya koma kamar turare. Ni dai na fi karkata ga masu dama garin sukari da tataccen zoɓo mai kauri, ga ja, ga ɗan tsami mai rage zaƙi. A tsoma donat da ɗuminsa, a barbaɗa dakakkiyar gyaɗa ko riɗi kafin ya bushe.