Me ya sa itatuwan bakin titi ba sa rayuwa a Maradi?

Mai tambaya, unguwar Zariya:
Assalamu alaikum. Kowace shekara ranar 3 ga Agusta ana dasa itatuwa a bakin titunanmu, amma kafin zafin Afrilu ya wuce yawancinsu sun bushe. Ina matsalar take, kuma wane irin itace ya dace da cikin gari?

Tsohon ma'aikacin gandun daji:
Wa alaikumus salam. Ɗana, dashe ba shi da wuya, reno ne aikin. Damina a nan ba ta wuce wata huɗu, saboda haka dashen da aka yi a Agusta yana buƙatar ban ruwa har damina ta zagayo, da kuma shinge mai ƙarfi, domin awakin da ke yawo cikin gari ba sa barin ɗanyen ganye. Dogon yaro ya fi jurewa, yana kuma riƙe ganyensa da rani, sai dai a nisanta shi da katanga da wayoyin lantarki.

Wata malama, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Baba ya yi gaskiya. A ganina, ma'aikatar magajin gari ta danƙa kowane itace ga mai gida ko mai shagon da ke kusa da shi, tunda shi ne zai fara shan inuwar.

Wani manomi:
Malama, haka muka gani a karkara. Tun wajen 1983 manoman jihar Maradi suka fara renon tohon kututture a gonakinsu, kuma gawo ya dawo ne da suka tabbata cewa itacen nasu ne.