Musayar waƙa: diragon, tashi ko feshin wuta?

Ɗan Maƙera:
Salamu alaikum. Yau kan diragon na tatsuniyoyin Turawa zan buɗe fage, irin jan nan da ke jikin tutar Wales. Ni na ce da za a same shi da nama da jini, wutar ba za ta gagare shi ba.

Ku matso ku ji zancen ɗan maƙera,
Ni tun ina rarrafe nake bakin wuta.
Ciyawa in ta ruɓa a tumbin saniya,
Iskar gas ce ke fita a gyatsarta.
A ba diragon tumbi irin wannan,
Da jaka a ƙirji inda zai tara ta.
Kaza na haɗiyar tsakuwa don ƙundu,
Shi ƙanƙara zai haɗiya ya ƙyasta.

Malama Bilki:
Ƙanena, ka hura kuma ka zuga,
Dabbar taka me zai ɗaga ta?
In ka ninka tsawonta sau biyu,
Nauyi sau takwas yake hau mata.
Faɗin fiffike sau huɗu kawai ya ƙaru,
Ragowar wa zai tallafa mata?
Jimina ga gashi, ga kuma fiffike,
Kilo ɗari ya ɗaure ƙafarta.

Lissafin ba nawa ba ne, masanin kimiyyar Italiya Galileo ya rubuta shi tun 1638.

Bahago:
Allah ya ƙara basira, Malama! Maƙeri, koma gindin uwar maƙera, nan ba wurin guduma ba ne.

Ɗan Maƙera:
Bahago, ɗan amshi ba ya shiga tsakanin mawaƙa.

Yaya, jimina kika kawo shaida?
Mai gudun ƙasa me ta sani a sama?
A Texas a shekarar 1971 aka tono ƙashin wata halitta,
Fiffike mita goma, ta sha iska a sama.
Ta haura kilo ɗari biyu a kiyasi,
Ƙashi kamar sarewa, rami ciki ba nama.
Da hannu da ƙafa take tunkuɗa ƙasa,
In ji masana, sai ga ta can ta yi sama.

Quetzalcoatlus sunanta.

Malam Na-Allo:
Tsaya, yaro. Da "ta" aka buɗe fage, ka koma "ma" ba sallama, kuma "sama" sau uku a baiti huɗu. Sannan karanta ɗangon nan na Texas da baki, ka furta shekarar duka, ka ji ko numfashinka zai kai. Wannan igiyar guga ce.

Ɗan Lami:
Malam, ai lamba ba ta shiga kari. Ya bar shekarar ne a ce ƙarya yake?

Malam Na-Allo:
Ya sa ta a ƙasa kamar yadda Malama ta yi. Ita ba ta karya ko ɗango ɗaya ba.

Ɗan Lami:
Ta karya mana. "Mata" sau biyu a jere, ba ku gani ba don taku ce.

Bahago:
Maimaicin gwani ado ne.

Malam Na-Allo:
Wanda bai iya awon gaɓa ba,
Ya bar alƙalami ya huta.

Malama Bilki:
Baba Malam, a yi mana afuwa mu koma kan dabbar.

Halittar Texas na yarda ta tashi,
Amma hannunta ne fiffikenta.
Haka jemage, haka ma shaho,
Gaɓa huɗu kowacce aka ba ta.
Naka ƙafa huɗu, ga fiffike biyu,
Tsokar ƙirji ina za ka dasa ta?
In ka ce haidurojin zai rage nauyi,
Tuna Hindenburg yadda ta kama wuta.

Hindenburg jirgin sama ne irin na balan-balan da aka cika da haidurojin, iska marar nauyi mai saurin kama wuta; a 1937 ke nan, a Amurka. Kuma iskar haidurojin da ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, kilo ɗaya da 'yan kai take ɗagawa. Ta wajen zafi kam na ba ka gaskiya, ƙanena: akwai ƙwaro dangin buzuzu da ke haɗa ruwa iri biyu a cikinsa, ya feso su ta baya suna tafasa, digiri 100.

Masuncin Yawuri:
Ku gafarce ni, kwana biyu ina kan ruwa, sai yanzu na gani.

Maƙeri, bar haɗiyar ƙanƙara,
Ni na san mai lantarki a jikinta.
Minjirya na taɓa cirowa a koma,
Hannuna ya mutu har zuwa kafaɗata.
A sa tsokarta a dasashin dodonka,
Tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna ta.

Bahago:
Wannan shi ne baiti! Yawuri ta karɓe fage.

Ɗan Maƙera:
Na karɓa hannu biyu, Baba Masunci. Saura abu ɗaya da ya hana ni barci jiya.

Bakin zuga da yumɓu muke yin sa,
Duk da haka zafi kan fasa shi ya lalata.
Leɓe da harshe nama ne ɗanye,
Wa zai kare su in harshen wuta ya fita?
Sai dai ya yi tofi irin na gamsheƙa,
Can nesa da baki ta kama, ya huta.

Yaya Bilki, mita nawa tofin zai yi kafin gira ta tsira?

Malam Na-Allo:
Amsa-amo ya dawo gida. Ɗango na huɗu har yanzu da gaɓa biyu a kai.