Minti Uku na Janar Monash

Injiniya Mai Ritaya: Salamu alaikum. Na ɗora baiti a kan John Monash, janar ɗin Ostareliya a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amsa-amon "ya" ne, mai ja ya amsa da waƙa.

A Melbourne aka haife shi, shekarar 1865,
Ɗan Yahudawan da suka yi ƙaura daga ƙasar Prusiya.
Da rodi da kankare yake cin abinci, har da hannunsa a gadar kogin Yarra,
Wadda tun 1899 take tsaye, masu ƙafa na ƙetare ta lafiya.
Yadda ake auna gada haka ya auna fagen daga,
Shi ya sa ko cikin kakin janar nake kiransa injiniya.

Tsohon Soja:

Ranka ya daɗe, gada ba ta zubar da jini,
Ka tsallake Gallipoli, inda aka ɗanɗana kuɗa a hannun Turkiyya.
A Agustan 1915 birged ɗinsa ta huɗu ta yi makuwa cikin kwazazzabai da dare,
Ba ta kai tudun da aka nufa ba, da asara ta koma baya.

Malamar Tarihi:

Baba, ba na musun Gallipoli, amma mu je Hamel ta Faransa,
Ranar 4 ga Yulin 1918, yana jan rundunar Ostareliya.
Minti 90 ya ɗibar wa farmakin, aka gama a 93,
Tankoki da igwa da sojan ƙasa suka taka rawa da ganga ɗaya.
Jirage suka riƙa sakin harsasai da laima ga na gaba,
Tankoki suka yi dakon kayan da dā sai an ɗauka a wuya.
Ga 'yan jarida Charles Bean da Keith Murdoch sun so a tuɓe shi,
Bean ma har ya soki Yahudancinsa, abin kunya.
Sai Sarki George na Biyar na Birtaniya ya tako Faransa a Agusta,
Ya ɗora masa takobi, ya zama "Sir" a idon duniya.

Injiniya Mai Ritaya:

Da ya dawo gida, hukumar lantarkin jihar Victoria ya riƙe,
Kwal ɗin da ake haƙa a Yallourn ya zama wutar da ta haskaka gida da hanya.

Tsohon Soja:

Malama, na karɓi 93 ɗinki, na sara wa tsarinsa,
Domin wanda ya kwana a rami ya san darajar harsashi in ya zo kan hanya.
Sai dai sama da dubu nasa suka faɗi a Hamel, matattu da masu rauni,
Agogon da ya ƙirga minti ukun nan bai ƙirga su ba ko ɗaya.